Ranar da Aka Tambaye Ni Albasar Ta Wa Ce

Ko tsufa ya kwashe mini komai, ba zan taɓa mantawa da ranar rabon kyaututtuka ta makarantarmu ba, ranar da na shiga fili da babbar riga ina jin kaina jagoran talakawa, na fita ina neman inda zan cusa fuskata.

Lokacin ina shekarata ta uku da fara koyar da adabin Turanci a wata sakandare a yankin Goronyo. Ni ɗan Wurno ne, gidanmu gidan malamai ne tun kakanni, alƙalami muka gada ba fartanya ba. A jami'a na haɗu da nazarin gurguzu, ya kama ni kamar zazzaɓi. Na dawo gida kowa ɗan jari-hujja ne a idona, har mai shayin bakin tasha (laifinsa yana da tebur biyu da ɗan aiki).

A wannan zangon ne shugaban sashen harsuna ya yi ritaya, kujerarsa ta zama babu kowa. Mu biyu ake dubawa: ni da Malama Rabi, wadda ta girme ni a aiki, ba ta da hayaniya, kullum kanta na kan littattafan yara tana maki. Shugaban makaranta ya ce sai ƙarshen zango zai yanke hukunci. Kujerar nan ba wani abu gare ta ba, ɗan ofis ne mai fanka da makulli, amma wallahi na so ta so na haƙiƙa. Har na yi azarɓaɓin gaya wa mahaifiyata cewa an gama magana, ita kuma ta gaya wa maƙwabta. Ke nan babu sauran ja da baya, na ƙudura ko ta halin ƙaƙa sai na zauna a kanta.

Dabarata ita ce in shirya wasan kwaikwayo ranar rabon kyaututtuka, wanda zai girgiza iyaye da manyan baƙi. Na ɗauko wani tsohon wasan Turawa da muke karantawa a aji, na mayar da shi Hausa. Labarin wani jarumi ne da sarkinsa ya sauka a gidansa, buri ya rufe masa ido ya kashe baƙon nasa don ya hau gado. Daga nan kisa ya yi ta jan kisa, har shi ma aka sare masa kai.

Sauran malamai suna koya wa yara cewa darasin shi ne son zuciya ba shi da kyau. Ni na raina wannan, na ce karatun 'yan firamare ne. Nawa nazarin shi ne jarumin nan ba shi kaɗai ne mai laifi ba, tsarin ne ya haife shi. A ƙasar da 'yan tsiraru suka riƙe gonaki da dawaki, ba ka hawa sama sai ka taka wuyan wani, shi kansa sarkin da ake wa kuka haka kakansa ya samu gadon. Sannan ina manoman da suka ciyar da rundunar yaƙin? Wa ya noma hatsin da aka yi liyafa da shi? Marubucin ko baki bai ba su ba. Kullum ina buga tebur ina ce wa ɗalibaina, "Duk labarin da kunka karanta, ku tambaya: gumin wa aka ci?" (Har gobe ina ganin nazarin nan da gaskiyarsa. Matsalar mai nazarin ce.)

To ga inda ƙafata ta zame. Kawuna ya ba ni aron wani ɗan fuloti a bayan dam, wato madatsar ruwa, na ce bari ni ma in gwada noman albasa. Lokacin dashe ya zo, ga iri ya isa cira, ni kuma ko riƙon fartanya ban iya ba. Ɗaukar 'yan ƙwadago kuwa aƙidata ta hana, don a wurina sayen ƙarfin talaka zalunci ne. Sai wata hikima ta faɗo mini. Na tara 'yan wasana, samari goma sha ɗaya 'yan ajin ƙarshe, na ce ba za su iya fitowa a matsayin talakawa ba sai sun ɗanɗani wahalar talaka. Saboda haka atisayen ranar Asabar ya koma gonata, na kuma raɗa masa suna gayya.

Asabar huɗu muka yi. Suna sunkuye cikin fangali, wato kwamin da ake ba ruwa, laka har ƙwauri, suna dasa albasa suna rera layukansu na wasa. Ni ina tsaye a kan kunyar fangali da littafi, ina gyara musu lafazi, ina yi musu bayanin yadda masu mulki ke shan jinin manoma. Ko sau ɗaya ban ji wani abu ya ƙwanƙwasa mini zuciya ba. Ban ma tsaya na tuna cewa kusan dukansu 'ya'yan manoma ne, kuma iyayensu ma dashe suke yi a ranakun ba.

Ranar biki aka kafa rumfuna, aka jera kujeru, hakimi ya aiko wakili, iyaye suka cika fili. Wasa ya yi kyau, ba yabon kai ba. Nasiru, ɗalibin da ya fito a jarumin, ya tsoma hannuwansa cikin zoɓo a madadin jini, ya yi ta sambatu har wasu mata suka rufe fuska. Aka yi tafi. Na saci kallon shugaban makaranta na ga yana gyaɗa kai, na ce a raina makulli ya zo hannu.

Da na tsaya nan da shi ke nan. Amma ina! Sai na karɓi makirufo na ce zan yi ɗan sharhi. Na yi minti ashirin ina zuba. Na zagi buri, na zagi haɗama, na ce kisan wuƙa ƙaramin kisa ne, babban kisa shi ne ka ci gumin wani kana murmushi. Don in ƙara burge manyan baƙi, na rufe da cewa duk mai tambaya fili nasa ne.

Wani tsoho ya miƙe daga layi na uku, siriri, da hula ta sha jiki da carbi a hannu. Baba Manu ne daga Taloka, mahaifin Nasiru. Ya tako a hankali aka miƙa masa makirufo.

"Salamu alaikum. Ranka shi daɗe shugaban makaranta, iyaye, ku gahwarce ni. Ni ban yi boko ba, amma wasan ga na gane shi sarai. Allah shi saka ma Malam. Ya ce a riƙa tambaya, to tambaya guda gare ni." Ya juyo ya dube ni cikin ladabi. "Malam, albasar da ɗiyanmu sunka dasa bayan dam, ta wa ta?"

Na yi 'yar dariyar da ba ta da tushe na ce, "Baba, ai gayya ta munka yi."

"Gayya? Madalla. Mu nan in mutum ya kira gayya, hura shika damawa, a tuƙa tuwo, a raba goro. Nasiru, mi anka ba ku?"

Nasiru yana tsaye a kan dandamali, hannuwa jajawur da zoɓo. Ya dube ni, ya dubi ubansa, ya sunkuyar da kai.

"Lacca, Baba."

Jama'a, ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Wakilin hakimi ya ja rawani ya rufe baki, kafaɗunsa na rawa. Baba Manu kuwa ko murmushi bai yi ba, ya jira aka lafa.

"Sannan gayya ramuwa ta, Malam. Ran da nika dashen tawa, ɗana shina gonakka. Ni ɗai nay yi ta da wanga tsohon baya, ban ga ƙeyakka ba. To don Allah ka hwaɗa muna, cikin wasan ga naka, kai wane na? Mai noman hatsi, ko mai cin liyahwa?"

Na buɗe baki. Duk littattafan da na haddace suka gudu suka bar ni. Abin da lasifika ta ɗauka ta watsa wa gari shi ne, "To... wato... a mahangar..." Gumi ya jiƙe mini babbar riga tun daga wuya. Sai wani daga can baya ya ɗaga murya, "A ba Malam ruwa, shi ma ya hwara gumi!" Na ajiye makirufon a kan kujera na bi ta bayan rumfa. Cikin malamai, Malama Rabi ce kaɗai ba ta yi dariya ba, kuma hakan ya fi mini ciwo.

Ranar Litinin shugaban makaranta ya kira ni ofis. Bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Malam, kai da bakinka ka ce komi tsari na. To tsarin makarantag ga ya ba Malama Rabi kujera." Da yamma na buga wa mahaifiyata waya, ashe labari ya riga ni isa Wurno. Ta ce, "Koyarwa anka aike ka, mi yak kai ka bautad da ɗiyan mutane?"

Kwana biyu na yi ina jin haushin tsohon nan, ina cewa ya tozarta ni. A na uku haushin ya dawo kaina, inda ya dace. Kujera ta tafi, amma na rantse gayyar nan sai na rama ta. Na rubuta sunayen yaran, na bi gidajensu ɗaya bayan ɗaya ina ba da haƙuri, na ce kowane uba yana da Asabar guda a wuyana.

Da gonar Baba Manu na fara, lokacin cirar ciyawa. Ina isa ya miƙo mini ƙwaryar fura. "Sha tukuna, Malam. Nan ba a aiki da yunwa." Na sha ina jin kowace kurɓa kamar mari. Na shiga fangali da ƙarfina, kafin hantsi na tuge masa albasa layi guda, don ban iya bambance ta da aya-aya ba. Ya zo ya tsaya a kaina ya yi salati, sannan ya durƙusa ya nuna mini da hannunsa. Haka na bi gonakin nan har na ƙare, tafin hannuna ya yi bororo ya fashe ya sake yi. Da albasata ta nuna kuwa, waɗanda suka dasa ta su suka fara ɗiba.

Har yau ina koyar da wasan nan, kuma har yau ina sa yara su tambayi gumin wa ake ci. Sai dai yanzu kafin in ɗaga murya a kan azzalumai, nakan leƙa cikin kwanona tukuna. Duk ranar Litinin ina kai littafin tsarin darasina ofis mai fanka, in ƙwanƙwasa, in jira Malama Rabi ta ce in shigo. Jarumin wasan buri ya sa ya rasa kansa. Ni na samu sauƙi, kujera kawai na rasa da fatar hannu.