Kurar da Na Ƙara wa Haƙora

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba ta ƙarshen shekarar karatu ba, ko da yake Allah Ya sani na yi iyakar ƙoƙarina in manta. Har yau idan ta faɗo mini a rai, sai in ji gajiya ta sauko mini daga wuya har gwiwa.

Ni malamin Faransanci ne a wani kolej na ƙauye a ƙasar Buza, can wajen Tama. Duk wanda ya daɗe yana shaƙar alli yana da labarin da yake jawowa idan zafi ya kashe aji, yara sun fara gyangyaɗi. Wani labarin soja, wani na ƙwallo. Ni nawa na wani fim ne na Turawa da na gani a Madawa ina ɗan shekara goma sha ɗaya, a wata rumfar zana inda ake ɗora tele bisa gangar mai a sa mana kasat. Fim ɗin na wani mutum ne da yake rikiɗa ya zama dabba idan wata ya cika. Turawa kerkeci suke cewa, mu kuwa kura muka ce, don ita muka sani.

Shekara kusan talatin ina ba da wannan labari. Nakan ce ba a taɓa yin fim mai ban tsoro kamarsa ba. Nakan ce manya masu gemu sun watse daga rumfar, ni kaɗai na zauna har ƙarshe. Sannan in rage murya in ba su ƙarshen: kurar ta kori mutanen gari har ta faɗa rijiya, uwar da ta haifi mutumin ta zo bakin rijiyar tana kuka, ta ɗauki dutsen niƙa ta sake masa a ka. A nan yara kan yi tsit. (Ina son wannan tsit ɗin fiye da yadda ya kamata dattijo ya so wani abu.)

Sai aka turo mana Mushe Abdu (a nan kowane malamin boko Mushe ake ce masa), matashin malamin Ingilishi, mai yawo da ordinata, wato kwamfuta, a jaka. Ya ji labarin sau biyu a ɗakin malamai, ya yi mini ƴan tambayoyi, na amsa da fara'a. Da ya dawo daga hutun mako a Madawa sai ya tare ni a bakin aji yana murmushi.

"Babban yaya, na samo kurarka. Tana cikin jakata."

Mai hankali da sai ya ce a bar ta a jakar. Ni kuwa cewa na yi a haska wa ƴan ajin ƙarshe, su huta da wahalar shirin jarrabawa. Makarantar tana da injin haska hoto a bango, wuta ce babu. Na hau moto na gangara fadama wurin Illa, abokina tun na ƙuruciya a Madawa, wanda yanzu yake noman albasa a nan kusa, na roƙe shi aron gurup ɗinsa, wato injin ba da wuta. Har na ce masa, "Ka zo da kanka, ai tare muka gani. Ka zama shaida." Ya dube ni ya daɗe, ya ce, "To, tun da kai ka ce." Ban lura da irin kallon ba.

Ranar Laraba bayan azahar muka toshe tagogi da tabarmi. Yara sun fi sittin, ga malamai huɗu a baya, ga Illa ya harɗe bisa benci kusa da ƙofa. Ɗakin ya zama tanda tun ba a fara ba. Na tsaya a gaba na yi jawabi. Na ce duk mai raunin zuciya ya fita tun yanzu, ba abin kunya ba ne. Na ce ƴan mata su zauna kusa da ƙofa. (Eh, da bakina na faɗi haka.)

Aka kunna. Minti arba'in Turawa uku suna zaune a ɗakin girki suna magana. Suna shan kafe, suna magana. Yara suka fara fifita da littattafai. Dajin da nake cewa ba ya da iyaka, itatuwa uku ne ake ta zagayawa, har wani yaro ya gane mai lanƙwasar ya ce, "Ga shi kuma ya dawo." Watan da ya cika kuwa kamar an rataye faranti a bango.

Sai rikiɗar ta zo. Na gyara zama. Mutumin ya riƙe ciki, ya faɗi bayan kujera, aka nuna mana bango, aka dawo, sai ga wani ya miƙe da buzun akuya a kafaɗa da fuskar roba wadda bakinta ba ya rufuwa. Da ya juya baya, ga zip tun daga wuya har ƙugu. Ƙafarsa sanye da takalmin ƙwallo. Yana gudu kamar mai ciwon baya.

Ajin ya fashe. Wani daga baya ya ce, "Mushe, wanga ai bunsuru na ya sa wando!" Jinin da aka watsa a taga kamar tumatirin gwangwani ne aka dama da ruwa. Mushe Abdu yana ta haɗiye dariya har kafaɗunsa na rawa.

Don kada in zalunci fim ɗin, akwai wuri ɗaya da bai tsufa ba. Da mutumin ya dawo hayyacinsa, ya roƙi matarsa ta ɗaure shi da sarƙa ta kulle ɗakin, ko ya yi kuka kada ta buɗe. Ta kulle, ta jingina da ƙofar tana jin yana kiran sunanta. Nan babu wanda ya yi dariya. Sai na samu ƙarfi na ɗaga murya na ce, "Ku dai jira rijiya."

Muka jira. Kurar ta fito titi, wani ɗan sanda ya harbe ta kusa da mota, ta faɗi bisa kwalaye, rubutun ƙarshen fim ya fara hawa. Shi ke nan. Babu rijiya. Babu uwa. Babu ko dutse.

Aka cire tabarma ɗaya, haske ya shigo. Rabi, wadda take zuwa ta ɗaya a ajin kuma ba ta taɓa barin magana ta wuce ta ba, ta ɗaga hannu cikin ladabi.

"Mushe, ina rijiyar?"

Na ce wataƙila an yanke wannan. Mushe Abdu ya duba ordinatarsa, ya ce a hankali, "Cikakke ne, babban yaya." Na ce to wataƙila akwai kashi na biyu. Sai na ji wani sauti daga bakin ƙofa kamar ana tayar da tsohon inji. Illa ne. Dariya ta hana shi numfashi, yana share hawaye da hularsa.

"Yara, ku bar wahal da malaminku," in ji shi. "Ina shi ka ganin rijiya? Kukan hwarko da anka yi, tun dabbar ba ta hito ba, wanga bawan Allah ya tashi ya bi ta cikin zana. Ba ta ƙohwa ba, ta cikin zana! Takalmi guda ya bari. Ni na kai mai shi gida da sahe."

Abin da ya fi ciwo shi ne, yana faɗa ina tunawa. Na ga zanar, na ji ƙaiƙayinta a fuskata, na ga ƙafata ɗaya ba takalmi. Na tuna ina kwance bisa tabarma ina ƙirƙira wa kaina yadda abin zai ƙare don in samu barci, na haɗa da tatsuniyar da kakata take mana. Na faɗa sau ɗaya, na faɗa sau ɗari, har na yarda. Shekara talatin ban taɓa tambayar kaina ba ina Turawa suka samu dutsen niƙa irin na tsakar gidanmu. Ashe fuskar kurar nan, ranar ce farkon ganina da ita, tare da ɗalibaina.

Ban san me na ce ba. Ina jin cewa na yi a share allo.

Sauran makonnin, da na juya baya zan yi rubutu sai wani ya yi ɗan kukan kura daga ƙarshen aji, ƙasa-ƙasa. Ban hukunta kowa ba, ba ni da ƙarfin. Rabi ta same ni a bakin ofis ta ce, "Mushe, wallahi naka ya fi daɗi." Tausayi ne, na sani, amma na karɓa.

A gida na zayyana wa maiɗakina komai, ina jiran ta yi mamaki. Ko ɗago kai ba ta yi ba daga tsintar shinkafa.

"Ni ai na daɗe da sani, Malam. Shekarar da munka yi aure turmi uwar ta jeho. Daga baya ya koma dutse."

Abin da na koya kaɗan ne, kuma ya zo a makare. Abin da ya tsorata ka kana yaro, bar shi can inda yake, ya fi kwarjini. Idan kuwa ka nace sai ka haska shi a bango, to, ka nemi aron gurup wurin wanda bai san ka ba kana ɗan shekara goma sha ɗaya.