Garkuwan Korarru da Hatiminsa

Wanda bai san Malam Sambo Ɗantaro ba, bai san Fagge ba. Shekara goma sha tara ya yi yana masinja a kamfanin gyaɗa, har ya iya tari irin na Turawa. Allah ya ba shi murya, ya kuma hore masa tausayi, irin wanda ba ya motsawa sai jama'a ta taru.

Da rigimar nan ta ɓarke tsakanin Fagge da Sabon Gari, kwana huɗu ba wanda ya ga ƙeyarsa. Masu baƙin baki sun ce a ƙarƙashin gadon surukarsa ya yi su. Shi kuwa ya ce nazari yake yi. Ƙura na lafawa sai ga shi, riga ta sha bugu, a harabar wani tsohon siton gyaɗa inda matan da aka ƙone wa ɗakuna suka tare da 'ya'yansu da 'yan tukwanen da suka tsira. Nan take ya kafa kwamiti. Shi ne shugaba, shi ne magatakarda, shi ne kuma jama'ar da suka yi zaɓen. Ya raɗa wa kansa Garkuwan Korarru. Matan suka rage masa wahala, suka ce Malam Gobe.

"Ku kwantar da hankalinku," in ji shi. "Haƙƙinku yana aljihuna. Ko Razdan, babban Baturen mulki, ya san da zamana."

Cikin matan akwai Wasilat, Bayarabiya haifaffiyar Fagge, mai sayar da manja a kasuwar Sabon Gari. Mijinta na asibiti da sara a kafaɗa, ɗanta Jimoh da ƙannensa biyu na kallon bakinta. An yi shela cewa duk mai rumfa ya zo da shaida kafin Juma'a, in ba haka ba a ba wani. Takardar rumfarta kuwa ta bi wuta. Ta durƙusa ta ce, "Baba Garkuwa, layi biyu kawai za ka rubuta mini."

"'Yar nan, takarda ba hatimi ai tuwo ne ba miya. Na ba da a sassaƙa. Gobe."

Allah shaida, bai zauna ba. Ran Litinin hatimi ya iso, sai ya ga an manta da "Mai Girma", ya mayar. Ran Talata ya kawo buhun dawa, ya jera mata suka yi godiya sahu-sahu, ya yi jawabi har la'asar ta nemi kuɓucewa. Bai tambaya ba ko akwai mai turmi a cikinsu. Manya ba sa shiga ƙananan maganganu. Ran Laraba hatimi ya dawo, amma kalmar "Korarru" ta fi sunansa kauri. Ya ce wannan raini ne, ya sake mayarwa. Wasilat ta tare shi a ƙofa, ya ɗaga mata hannu kamar mai hana jirgi tashi. Inuwar giginya ke nan, na nesa ka sha.

Ran Alhamis da hantsi, Adaeze mai busasshen kifi, wadda rumfarta ke dama da ta Wasilat, ta ɗaure zane ta ce, "Tashi, Maman Jimoh. Shekara nawa manjanki yana ɗiga cikin kifina? Ni ce takardarki."

Inna Talle mai daddawa, ta hagu, ta ce, "To ni ba ku gayyace ni ba? Wa ya fi ni jin masifarki da safe?"

Suka tafi ofishin kasuwa su uku. A kasuwa, tun kaka da kakanni, in maƙwabcin dama da na hagu suka tsaya maka, magana ta ƙare. Kafin azahar Wasilat na share tokar rumfarta. Sauran mata suka ga hanya, kowacce ta nemo wanda ya san ta, ya tsaya mata. Kafin a sauko daga masallacin Juma'a harabar ta zama wayam.

Ran Asabar Garkuwa ya iso da hatimi a naɗe cikin ƙyallen siliki, mai hoto na biye da shi. Ya tarar da awaki biyu suna cin dawar nan.

"Wa ya ba matan nan izinin komawa gida?" ya daka tsawa. "Ban sallami kowa ba!"

Har yau yana zaga ofisoshi da ƙara, wai an sace masa 'yan gudun hijira.