Rasuwar Mai Ƙafa Uku na Injin Ban Ruwa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da yatsu masu tabon dalma, ni Sa'adu Mode na Taloka nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabtan fadama rasuwar tiranzistona, ɗan ƙaramin kayan lantarki mai wayoyi uku a gindi, wanda gidanmu ya fi sani da Mai Ƙafa Uku. Ya rasu ranar Laraba da rana tsaka, a bakin aikinsa, cikin akwatin da na haɗa da hannuna don ya riƙa ba injin ban ruwanmu wuta.

Ban ce Allah ya jiƙansa ba, domin na yi nazari na ga ba a yi wa ƙarfe tambayar kabari. Amma abin da aka yi rani biyu tare da shi, ba a jefar da shi bayan danga a yi shiru.

Marigayin bai kai ƙwallon dabino girma ba. Na ciro shi ne daga cikin wata matacciyar talabijin, lokacin da akwatin wutar injin na asali ya lalace, aka nemi irinsa har Sakkwato aka rasa. Aikinsa ɗaya ne: ya buɗe wa wuta hanya ta shiga kwayil, ya rufe, fulogi ya yi tartsatsi, injin ya tashi. Haka yake yi tun safe har a kashe, bai taɓa ƙorafi ba. Wanda ya kara kunne jikin akwatin ne kawai zai ji muryarsa, tsiii, kamar sauro mai ladabi.

Lalurarsa ta haihuwa ita ce zafin jiki. Saboda haka na yanko murfin tukunyar alminiyon ta matata Kulu, na fitar masa da haƙora kamar mataji, don ya riƙa zuƙe zafin yana ba iska. Na shimfiɗa masa 'yar farar takardar nan mai sirantar ɓawon albasa, wadda ke barin zafi ya wuce amma ta hana wuta. Na shafa masa farin mai na jan zafi a baya, na ɗaure shi da noti a hankali, domin in ka matse ya tsage, in ka sassauta ya ƙone. Sannan na huda akwatin ta kowane gefe don ya sha iska. Har yau Kulu na tambayata mi ya ci murfinta.

Ajalinsa ya zo ta hannun alheri. Kawu Halliru, kawun Kulu, ya ari injin don ya ba albasarsa ruwa, kuma ba a hana suruki aro. Da rana ta take, dattijon ya dubi akwatin yana gasuwa a fili, tausayi ya kama shi. Ya ninka buhu, ya lulluɓe shi ruf, har ya danne gefuna da hoge don kada iska ta yaye. An ce marigayin ya jure na ɗan lokaci. Daga nan aka ji ɗas, injin ya yi tari biyu, ruwa ya tsaya a bakin tiyo.

Da Kawu ya maido injin a kan amalanke, da buhun a kai, cewa ya yi: "Ɗana, abin nan naka ba ya da ƙwari. Har inuwa na yi mishi, amma ya mutu." Na durƙusa na yi masa godiya.

Tun ranar nake juya maganar. Ba shi da laifi, domin abin da zai yi wa jakinsa ko jikansa ne ya yi wa akwatina. To amma mamacin ya mutu, kuma ba rana ce ta kashe shi ba. In na faɗa wa Kawu gaskiya, na kunyata dattijon da ya ba ni aure, a kan abin da ya yi da kyakkyawar niyya. In na yi shiru, zan ɗaura sabo, zai sake aro, zai sake jin tausayi. Na gaji da tunanin, tunanin bai gaji da ni ba.

Marigayin ya rasu ya bar kwayil ɗaya cikin ƙoshin lafiya, da fulogi wanda bai san abin da ya faru ba, da murfin tukunya da ya zama maraya sau biyu. Ya kuma bar fangalin albasa da aka dasa kwanan nan, wadda bakin ganyenta ya fara yin rawaya.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a bayan la'asar, a gindin bagaruwar da ke kan iyakar gonata da ta Kawu. Masu zuwa ta'aziyya kada su wahalar da kansu da goro, su zo da bokiti, domin albasa ba ta san zaman makoki ba. Na riga na roƙi Kawu Halliru, in an rufe mamacin, ya jagoranci kafa wa injin 'yar rumfar zana, mai rufi a sama, buɗe ta ko'ina, tunda shi ya fara lura abin na son inuwa. Ya ji daɗin wannan girmamawa ƙwarai. Wanda ya karanta sanarwar nan, don Allah kada ya karanta masa.

Na kuma roƙe shi buhun, ya bar mini, kuma da shi za a yi wa mamacin likkafani. Na san yana da wasu a gida.