Ranar da Na Sha Ruwan Badagiri

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a Safana ba, ko na so mantawar ma 'yan kasuwarmu ba za su bar ni ba. Amma bari in fara daga inda laifin ya taso, wato bakina.

Ni mahauci ne, teburina yana kasuwar Batsari. Shekarun baya na bi motar shanu zuwa Legas, na yi 'yan watanni a Agege ina fiɗa da wankin kayan ciki. Daga mayanka sai masallaci, daga masallaci sai rumfar kwana. Teku kuwa ko daga nesa ban hango ta ba. Sai dai nakan ji yaran mota suna kiran Badagiri, aka ce mini wani ɗan gari ne a bakin teku. Da na dawo gida na tarar kowa ya san Agege, ba wanda zai ɗaga kai don ita. Sai na ce ni a Badagiri na zauna.

Daga nan na shiga gina garin a teburin mai shayi. Na ce teku tana bayan ɗakina, kamar dam ɗin Zobe take, sai dai ba a hango ɗaya gaɓar. Na ce rabin garin Hausawa ne, sauran Yarbawa, su ma duk sun ji Hausa. Na ce ruwan tekun muke sha, garai-garai kamar na randa. (Na taɓa jin malam ya ce ana alwala da ruwan teku. Ni kuma a nawa ɗan karatun, abin da ake alwala da shi ai ana sha.)

Kawu Sada ƙanin mahaifiyata ne, manomi a Runka. Rashin tsaro ya raba shi da gonarsa, ya kwaso iyali zuwa Safana, suna zaune a ɗakunan aro. Abin da ya tsira da shi shanun huɗa ne guda biyu. Wata ranar kasuwa ya zo ya zauna a bencina, ya jira har na sallami masu saye.

"Ɗana, tekun nan taku, tana ƙafewa da rani?"

"Haba Kawu, teku?"

"Akwai fili a bakinta?"

"Fili har ka gaji da tafiya."

"To in mutum ya sa injin ban ruwa ya ja, tumatir da albasa za su yi?"

Nan ya kamata in tsaya. Ina jin zuciyata tana cewa tsaya. Amma almajiran kasuwa biyu da maƙwabcina mai tsire suna saurare, sai na ji bakina ya ce, "Har kankana."

Kawu ya sauke ajiyar zuciya. Ya ce zai sayar da shanun ya sayi inji, ya fara zuwa ya kama wuri kafin ya kwashi iyali. "Kai za ka kai ni, tunda ka san hanya, ka san mutane."

Tun daga ranar tuwo ya daina shiga. Ina yanka nama hankalina na wani wuri, har na ɗebe fatar yatsana. Na hau babur takanas zuwa Safana don in faɗi gaskiya, na tarar da shi yana ba shanun dusa yana shafa wuyansu. Muka gaisa, na tambayi gida, na tambayi yara, na sake tambayar gida, na juyo. (Allah ya sani, tsoron kunya ya fi ƙarfin tausayina, wannan shi ne laifin da ya fi cina.)

Sai ga ɗaurin auren ɗan maƙwabcin Kawu. An shafa fatiha, ana raba goro da alawa, muna zaune kan tabarmi a gindin darbejiya. Kawu ya kamo hannun wani ƙaton mutum ya kawo gabana. Isiyaku ne, yayan ango, direban tirela mai kai albasa bakin iyakar Seme, gaba kaɗan da Badagiri.

"Ga ɗan garinku," in ji Kawu. "Shi ma Badagiri ya zauna."

Isiyaku ya miƙo mini hannu.

"Allah Sarki! Sarkin fawa, a wace unguwa?"

"Can... bakin ruwa."

"Wane ruwan? Na gaban gari ko teku?"

Ashe biyu ne. Isiyaku ya juya ga jama'a yana bayani: garin yana bakin wani dogon ruwa ne mai kwance, sai ka shiga kwalekwale ka haye, ka taka yashi cikin itatuwan kwakwa, sannan ka isa teku. Ya ce masu garin Egun ake kiransu, masunta ne, danginsu har ƙasar Benin. Akwai Yarbawa, akwai coci, akwai masallaci, akwai masu gargajiya. Hausawa kuwa 'yan tsiraru ne a kasuwa.

Idanu suka dawo kaina. Na share gumi na ce, "Lallai gari ya canza bayan tahowata."

Kawu, cikin zuciya ɗaya, ya kawo maganar noman rani da ruwan da muke sha. Isiyaku ya dube ni ya daɗe. Ya tashi ya shiga gida, ya fito da jarka da kofin silba. Ya ce ruwan teku ne ya kawo wa tsohuwarsa tana shafawa a ƙafa.

"Tunda ka yi kewar ruwan gida, bismillah."

Mai hankali zai tuba a nan. Ni karɓa na yi, na ɗaga kai, na kwankwaɗa kamar mai buɗa baki.

Jama'a, gishirin da ke kasuwar Batsari kaf bai kai wannan ba. Ya daki maƙogwarona, ya fito ta hanci, na fesa sauran a kan farar shaddar waliyyin ango. Wuri ya kece da dariya, wani har da faɗuwa kan takalma. Wani tsoho ya ce, "A ƙara masa, bai ƙoshi ba!"

Kawu kaɗai bai yi dariya ba. Ya jira tarina ya lafa, ya ce a hankali, "Gobe dillali zai zo duba shanun."

Na durƙusa a gabansa, hawaye da majina, na ce ban taɓa taka Badagiri ba, ban taɓa ganin teku ba.

"Da na sayar, na je na tarar da wannan ruwan, me zan koma wa?"

Bai sayar ba. Da damina ta faɗi ya riƙa yi wa mutane huɗa a gonakin bakin gari, da shi yake ciyar da gida. Ya yafe mini, amma sai da aka sha sallah kafin ya sake zama a bencina.

Abin da na koya kuwa, "ban sani ba" ba ta ƙona maƙogwaro. Yanzu ko hanyar Katsina baƙo ya tambaye ni, nuna masa tasha nake yi in ce ya tambayi direba.