Ranar da Na Mutu a Kan Teburin Malamai

Ba zan taɓa mantawa da sanyin teburin nan a kuncina ba. A kansa na mutu a gaban duk makaranta, kuma ni ce ta ƙarshe da ta sami labari.

Gwaggo Hadiza, ƙanwar babana, ta yi karatun gyaran ƙashin baya, irin wanda ba allura ba ƙwaya, sai dannawa da hannu. Ta buɗe ɗan shago a Rano ta zauna jira. Ba wanda ya leƙo. Mai karaya ya san gidan mai ɗori, mai ciwon baya ya san man zafi. Sai ta ce dole ta fita ta yi wa mutane bayani da bakinta, in ba haka ba ta rufe shagon ta koma Kano.

Neman inda za ta yi magana ya zame mata aiki. Islamiyyar matan aure suka ce sai bayan Sallah. Ranar awo a asibiti an ba ta dama, kukan jarirai ya cinye jawabin. A wata walima a Fammar ta fito da ƙashin bayan roba da take nuni da shi, wata tsohuwa ta matso ta tambaye ta a hankali, na wane ne. (Ni ma ba na son abin nan. A bayan ƙofa take rataye shi, in iska ta kaɗa sai ya juyo kamar mai saurare.) A ƙarshe shugabar makarantarmu a Kibiya ta yarda, da sharaɗin kada a tsorata mata yara.

Ranar, tun hantsi hadari ya haɗo. Zauren taro ya yi duhu, jemagu suna motsi a cikin silin. Gwaggo ta nemi wadda za a gwada da ita, kowa ya sunkuyar da kai. Sai ta kira ni, ni da ko a aji aka ambaci sunana muryata guduwa take.

"Kwanta rub da ciki, 'yata. Kar ki motsa, kar ki yi magana, sai na ce ki tashi."

Ta ajiye abin maganar a gefen haƙarƙarina, ta ɗora tafukanta a bayana, ta danna. Ban ji zafi ba. Amma lasifika ta ɗauki ƙarar ta watsa, kamar an karya busasshen kara a kunnen kowa. A daidai nan aka ɗauke wuta.

Wata a sahun gaba ta ƙwalla ƙara ta zube. Ruwa ya tsuge a kan kwano. Hijabina ya rufe min fuska, ƙasa kawai nake gani ta ɗan tsagi. Na ga takalmin Gwaggo ya ruga wajen wadda ta faɗi, na ga na shugaba ya tare shi.

"Kada ki ƙara taɓa min ko ɗaya. Mu je ofis."

Daga bakin ƙofa Gwaggo ta ɗaga murya ta faɗi wani abu, ruwa ya haɗiye shi. Ni dai an ce kar in motsa.

Wata malama ta ɗaga hannuna ta saki. Na bar shi ya faɗi, don riƙe shi ma ai motsi ne. Na ji ta yi salati ƙasa-ƙasa, sannan aka lulluɓa min zane mai ƙanshin turaren wuta. A nan na gane abin da suke zato. To ta yaya mutum zai tashi daga ƙarƙashin wannan zanen, ido nawa a kansa? Na ce bari in ɗan jira. Ina jira, tashin yana ƙara wuya.

Can sai shakka ta kama ni. An koya mana cewa mamaci yana jin takun masu barinsa, ga shi kuwa ina jin takalma suna ja da baya, ɗaya bayan ɗaya. Na motsa babban yatsan ƙafata a cikin safa. Ya motsa. Amma wa ya taɓa dawowa ya ce na mamaci ba ya motsawa?

Silifas ɗin Malam Sani, mai koya mana Alƙur'ani, suka tsaya a gabana a jiƙe. Ya saurara, ya ce ina numfashi, wannan shafar aljanu ce. Ya yi karatu mai tsawo, sannan ya sunkuyo.

"Wane ne kai? Me ya kawo ka jikin baiwar Allah?"

Ba a ƙin amsa wa Malam. Muryar da ta fito daga ƙarƙashin zanen siririya ce, a shaƙe, ni kaina ban gane ta ba.

"Ni ce."

"Daga ina?"

"Daga Rano."

Wata ta raɗa cewa daman duwatsun can ba a rasa aljanu a cikinsu.

"Me kike jira ba ki rabu da ita ba?"

"Gwaggo ce ba ta ce in tashi ba."

Malam ya ɗaga gefen zanen, muka haɗa ido. Ya daɗe yana kallona, gemunsa yana ɗan rawa.

"To, a kira mana Gwaggo."

Ta shigo idonta jawur, ɗankwali a hannu. Ta tsaya a kaina.

"Tashi, ja'ira."

Na tashi. Wasu suka gudu duk da haka, sauran suka fashe da dariyar da har yau ba ta gama ƙarewa ba.

Gwaggo ba ta ƙarasa jawabinta ba, shugaba kuma ba ta sake gayyatarta ba. Amma labarin ya riga mu zuwa tasha. Matan Fassi suka aiko, na Fammar ma suka sake aikowa, kowa yana son ganin mai karya mutum ta tashe shi. Shagon bai rufe ba. Ni kuwa a makaranta sunana ya koma Marigayiya, har malamai kan kusa faɗa.

Yanzu duk wanda ya ce min kar in motsa, ko mai ɗaukar hoto ne, sai na tattaro ɗan ƙarfin halina na tambaye shi: har zuwa yaushe?