Mai Girma Ya Zo Duba Mu a Shagon Yadi

Jiya ruwan la'asar ya yi mini dukan tsiya a titin Jalan Tuanku Abdul Rahman, a nan ƙasar da muke baƙunta, ina rungume da ledojin yadin da ba nawa ba. Aikin ƙasa ne ya kai ni.

Maƙwabcina a unguwar Danau Kota, Zahraddeen, digiri na uku yake yi. Bizarsa ta ƙare yana jiran wata takarda daga gida wadda har yau ana cewa tana kan tebur. Da mahaifinsa ya rasu watan jiya, a waya ya bi jana'izar, domin in ya fita daga ƙasar nan ba lalle a bar shi ya dawo ba, karatun shekaru ya tafi ke nan. Yanzu ko kedai, wato kanti, ba ya sauka. Matarsa Khaulah ce ke fita, mu kuma mukan yi masa tapau, wato mu sayo masa abinci a ƙunshe.

Na ba Fergal labarin a mamak, wajen shan shayi da cin abinci. Bature ne ɗan Ireland, yana koyar da Turanci a wata kwaleji a unguwar Setapak. Ya ce wansa ma haka yake a Amurka, ba takardu, bai ga binne uwarsu ba. Sai dai gwamnatinsu ta fito fili ta goyi bayan a gyara dokar shige da fice ta can saboda irinsu, manyansu kan tashi takanas su je roƙo. Na tambaye shi ko an gyara. Ya ce tukuna, amma ana ta zuwa. Na jinjina rashin aikin yi irin na manyan ƙasarsu.

To, sai ga namu. Wani Mai Girma ya sauka da tawaga domin duba lafiyar 'yan ƙasa mazauna waje. Ni da Khaulah muka nemi ganinsa, aka ce lokacinsa ya cika, amma saboda tawali'unsa zai saurare mu a shagon yadi.

Allah Ya sani ya saurara. Khaulah ta faɗi komai, ta ce ba alfarma suke nema ba, baki kawai za a sa. Mai Girma ya yi ta gyaɗa kai yana murza wani siliki. Ya ce maganar tana ransa dare da rana, sannan ya miƙo mini ledoji in riƙe.

"Ranka ya daɗe, me zan ce wa maigidan?" in ji Khaulah.

"Ki ce ya same ni a ofis a gida, ya yi bayani da bakinsa. Ba ma aiki da saƙo."

Ta yi godiya ta hau bas. Ni na raka kayan har mota, ruwa ya sauko. Da na dawo na isar da saƙon, Zahraddeen ya koma kan babi na huɗu na kundin digirinsa.

Kada in rage wa tawagar haƙƙi: na tambayi hadimin Mai Girma ranar da ake samun sa a ofis. Ya ce gaskiya da wuya, don bai cika zama a ƙasar ba. Kullum yana waje yana duba mu.