Wuyan Kakan Jatau

A wani daji da ruwansa ke komawa tafki ɗaya idan rani ya yi nisa, masu ƙaho su ne masu asali. Su ke fara sha, gida bayan gida, bisa tsufan zuriya. Sai sun gama sannan gadu da zomo da sauran talakawa su sauka su sha abin da kofato ya dama.

Jatau gwanki ne, gidansu na kusa da gaba a layi. Ba shi da yawan magana, ba shi kuma da mantuwa. Wata safiya a hanyar tafki kafaɗarsa ta gogi ta Maikano, wani kanki da gidansu ke bin nasu. Maikano ya ce ƙasa-ƙasa, "Sannu dai, jikan mai igiya. Kakanka da ya ja garma a gonar mutane ma bai yi wannan gadarar ba."

Babu wanda ya ji sai wata tsohuwar gada da ke kiwo a gefe.

Da ya koma gida ya tarar da matarsa Tambai tana shayar da ɗansu Nomau. Ta saurare shi har ya gama, ta ce, "Maigida, wa ya ji? Gada? Wannan ko sunayen 'ya'yanta ba ta riƙewa. Ka bar maganar ta bushe a bakinsa."

"Ni na ji," in ji Jatau. Ya kai ƙara.

Majalisar masu ƙaho ba ta hukunci a kan kalmar da ba ta ji da kunnenta ba. Saboda haka a farkon kowane zama Hankaka, sanƙiran majalisa, yakan hau reshe ya maimaita zagin gabas da yamma, kudu da arewa. Kafin a tashi zaman farko, har kwaɗi sun haddace shi.

Bauna, shugaban majalisa, ya gyara murya ya ce, "Ya ku masu asali, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Da Maikano ƙaho ya soka masa, da mun sasanta su kafin rana ta take, don rauni yana warkewa. Amma kaka ya taɓa. Za a nemo tsofaffin da suka san wuyan marigayin, su faɗa mana ko sun ga shatin igiya. Kafin nan, bisa al'ada, gidan da ake shakkar asalinsa ba ya shiga layinmu. Idan kuma wani daga gidan ya sa baki a ruwan talakawa, to ya amsa maganar da kansa, shari'a ta ƙare. Allah ya ba mai gaskiya haƙuri."

Jatau da iyalinsa suka koma lasar raɓa da tauna ɗanyen ganye. Tsofaffi suka zo. Ɗaya ya ce ya ga tabo, amma ƙila na kaska ne. Wani ya yi dogon bayani, daga baya aka gane kakan wani gwankin yake nufi. Sai kuma gardama ta tashi a kan wanda ya cancanci fara magana a cikinsu, aka ɗage zama don a warware wannan tukuna. Raɓa ta ɗauke. Nonon Tambai ya ƙafe.

Ran nan da rana tsaka ta tura Nomau gaba, suka nufi gefen talakawa. Wani gadu ya matsa ya ce, "Bismillah, uwar ɗaki. Laka ce, amma da sanyinta." Jatau ya sha gabansu, ya sunkuyar da ƙaho.

"Baban Nomau, dubi ƙafafunsa. Rawa suke yi."

"Na gani. Idan ya sha, jikan mai igiya za a kira shi har ya mutu."

"To a kira shi mana! In ya ƙi amsawa ni zan amsa masa."

Jatau ya dubi ɗansa, ya dubi tudu, inda masu asali ke tsaye suna kallo, ruwa na ɗiga daga haɓoɓinsu. Ya ce, "Saura kaɗan, Tambai. Bauna ya ce zama na gaba." Bai kauce ba. A kan tudu wani ya gyaɗa kai ya ce, "Ka ga ɗan asali."

Nomau bai kai zama na gaba ba. Tambai ta tsaya a kansa har inuwa ta juya, sannan ta ce wa Jatau, "Na fita daga gidanka." Ta sauka ta sha laka tare da gadu, ta yi gabas. Majalisa ta yi zama na musamman don ta gano ko ta furta fitar kafin ta sha ko bayan ta sha. Aka tabbatar kafin ne, kowa ya taya Jatau murna.

Daga ƙarshe aka yanke hukunci cewa babu shaidar igiya. Aka tsayar da Maikano a tsakiyar fili ya ce, "Na ce kakan Jatau ya ja garma. Na haɗiye maganata." Hankaka ya maimaita gabas da yamma, don kada wani ya ce bai ji abin da aka haɗiye ba. Don a share wa Jatau hawaye, aka ciyar da gidansa gaba, har ya bi na Bauna.

Washegari Hankaka ya yi kira, "Gidan Jatau!" Layi ya tsaya cik, kamar yadda ake yi har gida ya gama. Jatau ya sauka, ya sa baki a ruwa garai-garai, ya kurɓa, ya hau.

Waɗanda ke bayansa sun yaba ƙwarai da adalcin majalisa, musamman da yake gidan Jatau ba ya daɗewa a bakin ruwa.